Mun riƙe tsanin Fayol, mun yar da gadarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari ya fama da jama'a. Dan Allah ka ɗan ara min fili a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu ina neman afuwa don wasiƙar zata yi tsawo, kasan tsohon akawu in ya samu biro da takarda sai dai a ƙwace.

Abunda ya tunzura ni na rubuto shine wata 'yar ƙanena da take karanta harkar gudanar da aikin gwamnati a jami'a, tazo wajena kwana biyu da jarrabawa a gabanta, kullum da sassafe sai inji tana maimaita wasu abubuwa, ɗaya rabon aiki, biyu iko da alhaki, uku ɗa'a da bin doka, haka har goma sha huɗu, ta koma farko. Nace ke wannan kuma wace irin hadda ce, tace Baffa ƙa'idojin Fayol ne, duk shekara sai sun fito. Nace to madalla, na biyun nan da kika faɗa me yake nufi, in kika shiga ofis gobe ta yaya zaki gane ana binsa ko ba a binsa? Sai tayi dariya tace ai su dai ance su jero su ne su yi bayanin layi bibbiyu. Wallahi abun ya tsaya min a rai, don ni nayi sama da shekara talatin a ofishin gwamnati tun daga ɗakin ajiyar fayil har na ɗan taɓa shugabantar sashe, kuma wannan ƙa'ida ta biyun da yarinyar ta wuce a layi biyu itace ta hana ni barci shekara da shekaru.

Kuma kusan duk sati sai na karanta a shafin nan naka wani yana kuka da ofisoshi, fayil ɗinsa ya maƙale, ance ya dawo gobe, ance oga baya nan, ance sai an kai sama. Masu ilimin cikinsu sai su ce ai laifin tsohon tsari ne, tsarin su Weber da su Fayol da aka yi shekara ɗari da suka wuce, a rushe shi kawai a kawo na zamani. Ni kuma abunda idona ya gani daban ne. Tsarin nan ba a taɓa ɗaukarsa gaba ɗaya ba, an tsinci abunda yake yiwa manya daɗi ne aka watsar da wanda yake ɗora musu nauyi, sannan aka dawo ana zagin masu littafin.

Bari in fara da shi Henri Fayol ɗin. Bafaranshe ne, an haife shi a 1841 ya mutu a 1925, kuma ba malamin jami'a bane, injiniyan haƙar ma'adinai ne da ya fara aiki a ramin kwal yana ɗan shekara 19. A 1888 aka bashi ragamar kamfanin da yake yiwa aiki lokacin kamfanin yana dab da durƙushewa, ya riƙe shi shekara 30 har 1918 ya barshi da ƙafarsa. A 1916 ne ya fitar da ɗan littafinsa akan gudanarwa, wato sai da ya tsufa cikin aikin sannan ya zauna ya rubuta abunda ya gani, shi yasa in kana karantawa zaka ji kamar dattijo ne yake baka labarin wahalar da ya sha. Kuma tun kafin ya fara jero ƙa'idojin nan 14 sai da yayi gargaɗi cewa a harkar shugabanci babu wani abu ƙafaffe da baya lanƙwasuwa, komai magana ce ta gwargwado da sanin yanayi, kuma adadin ma ba wai an rufe ƙofa a 14 bane, waɗanda ya fi yawan amfani dasu ne kawai. Wannan gargaɗin ban taɓa ganinsa a handawut ɗin ɗalibai ba.

To ga maganar tsani. Fayol yace a kowace ma'aikata akwai jerin muƙamai daga na ƙoli har na ƙasa, gaba da gabanta, umarni yana bin matakalar ya sauko rahoto yana binta ya hau. Wannan kowa ya riƙe shi da kyau, ba sai an koyawa kowa ba, ranar da ka fara aiki ma za a gaya maka kar ka kuskura ka tsallake na gabanka. Amma a wajen da ya kawo maganar tsanin, a nan take ya zana wani hoto, tsani ne mai ƙafa biyu kamar jinka, shugaba yana can ƙololuwa, ga wani ma'aikaci a ƙafar hagu mataki biyar ƙasa da shugaba, ga wani a ƙafar dama shima mataki biyar. Yace in waɗannan biyun suna da wata 'yar magana ta aiki a tsakaninsu kuma akace dole sai an bi tsani, takarda zata hau biyar ta sauka biyar, amsa ta sake hawa biyar ta sauka biyar, tsayawa 20 kenan akan abunda zasu iya kashewa a zama ɗaya. Sai yace a shimfiɗa musu 'yar gada, shugabannin su na kusa su basu izini su dinga magana kai tsaye, sharaɗin kawai su sanar da na samansu abunda suka yanke, in kuma sun kasa daidaitawa sai maganar ta hau sama. Har yace kuskure ne mutum ya kauce wa tsani ba dalili, amma kuskuren da ya fi shi girma shine ka nace sai an bi tsani alhali aiki yana lalacewa. Kuma ya faɗa ƙarara cewa a ma'aikatun gwamnati ne wannan ciwon ya fi tsanani, har daga baya wajen 1921 ya yi rubutu na musamman akan yanda hukumar gidan waya da tangaraho ta Faransa take tafiyar hawainiya.

Ni na ga wannan da idona. A wani ofis da na zauna akwai wani abokin aikina da bango ɗaya ne tsakanin teburina da nasa, in yayi tari ina ji, amma shi yana ƙarƙashin sashen kuɗi ni ina sashen ma'aikata. Wata rana aka samu kuskure a ranar fara aikin wani bawan Allah da zai yi ritaya, lamba ɗaya ce aka juya, ni nake da asalin takardar shi kuma yake da lissafin. Maimakon in leƙa ince malam ga takardar gyara, sai da na rubuta wa shugabana, shi ya rubuta wa mataimakin darakta, shi ya tura wa darakta, darakta ya rubuta wa takwaransa na kuɗi, daga nan ta fara gangarowa, kowa ya sa jan biro ko kore ya rubuta a duba a bada shawara, masinja yana ta safa da marwa da fayil a hammata yana wuce ƙofar mutumin da ake nema sau nawa a rana. Makonni aka kwashe. Dattijon nan kuma kullum yana kan benci a baranda da 'yar jakarsa, har mun saba gaisawa, kuma ni na san amsar matsalarsa tana cikin durowata, amma ranar da na gwada miƙa takardar kai tsaye sai da aka kira ni aka ja min kunne wai na raina na gaba dani. To Malam Edita a nan wa ya saɓa wa Fayol, ni ko wanda ya ja min kunnen?

Dalilin da yasa ba a son gadar kuwa yana cikin ƙa'ida ta biyun nan da yarinyar ta haddace. Fayol yace iko da alhaki tagwaye ne, duk inda aka baiwa mutum ikon bada umarni to dole alhakin sakamakon ya hau kansa, duk wanda kuma aka ɗora wa alhakin abu dole a bashi ikon da zai iya yinsa. Sannan ya ƙara wata magana da duk wanda ya taɓa aikin ofis zai gyaɗa kai, yace mutane suna gudun alhaki daidai yanda suke kwaɗayin iko. Shikenan an gama magana. Fayil ɗin da kaga yana yawo da sa hannu goma sha, ba wai mutum goma sha ne suka duba shi ba, kowa yana neman inda zai raɓa ne don ranar da abu ya ɓaci ace ba shi kaɗai bane, in kowa ya sa hannu ai ba wanda ya sa kenan. Ta ɗaya gefen kuma sai kaga an naɗa mutum shugaban sashe, an bashi kujera mai juyawa da sunansa a ƙofa, amma ko takardar rubutu zai saya sai ya nemi izini daga sama, bashi da ikon bada hutun kwana ɗaya, bashi da ikon tsawatar wa wanda baya zuwa aiki, amma ranar da aikin sashen ya tsaya shi za a miƙa wa takardar tuhuma ya amsa cikin awa 24. Iko ya taru a sama alhaki ya taru a ƙasa. Ni a ganina da wannan kaɗai aka gyara, da rabin wasiƙun koke da kake bugawa basu zo ba.

Akwai kuma maganar umarni daga baki ɗaya, wato kowane ma'aikaci ya zama mutum ɗaya ne yake bashi umarni, mu dama mun san ba a sarki biyu a gari ɗaya. A nan ne ma Fayol ya saɓa da Frederick Taylor, Ba'amurken nan da ya fitar da nasa littafin a 1911, wanda shi hankalinsa yana kan leburan masana'anta ne, yana tsayawa da agogo yana auna minti nawa ake ɗauka a ɗaga abu a ajiye. Shine mai labarin nan na masu lodin ƙarfe a kamfanin Bethlehem Steel da yace ya ɗaga abunda mutum ɗaya yake lodawa a rana daga tan 12 da rabi zuwa tan 47, lada kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85 kacal, kai ma ka auna wa ya ci riba. Taylor ya so a ce lebura ɗaya yana da masu kula dashi har 8, kowanne da fanninsa, Fayol yace a'a wannan rikici ne. Ban cika damuwa da Taylor ba gaskiya, aikin gwamnati ba lodin ƙarfe bane, amma duk wanda ya taɓa zama tsakanin shugabanni biyu da basa ga maciji, wannan yace kawo fayil ɗin wancan yace kar ka sake ya fita daga ofishinka, ya san Fayol ya fi gaskiya. Ƙaramin ma'aikaci ne yake zama ciyawar da giwaye suke takawa, ko kuma in mai wayo ne ya dinga fakewa da wannan yana gujewa aikin wancan.

Sai Max Weber, Bajamushe, wanda ya mutu a 1920 kuma babban aikinsa akan wannan batu sai bayan mutuwarsa aka buga. Shi ake jifa da duk wani laifin jan ƙafa na ofis, alhali mutumin bayani yayi akan wani irin tsari da ya ga yana mamaye duniya, har ma yana tsoron ranar da zai zame wa mutane keji. Yace mutane suna yiwa shugaba biyayya ne saboda ɗaya cikin uku, ko don gado da al'ada, ko don wata baiwa da kwarjini da suke gani a jikinsa, ko kuma don doka ce ta ɗora shi. Na ukun nan shine gidan ma'aikacin gwamnati, kuma siffofinsa sune kowane ofis da iyakar aikinsa a rubuce, ana ɗaukar mutum saboda cancanta da takardar shaidar ƙwarewa, ana biyansa albashi tsayayye, komai ana rubutawa a ajiye a fayil, kujerar ba tasa bace ba kuma zai bar wa ɗansa ba, kuɗin ofis daban aljihunsa daban, sannan yana yiwa kowa aiki ba sani ba sabo, ba so ba ƙi. Dan Allah a cikin waɗannan wanne ne mai zuwa ofis yake kuka dashi? Wanda fayil ɗinsa ya kwana wata uku saboda bai san kowa ba, na wani kuma ya fita a yini ɗaya saboda an buga waya, ai ba Weber ne yayi masa yawa ba, ƙarancinsa ne ya cuce shi.

Kuma masu cewa a rushe dokokin nan su tuna me ya kawo su. A Amurka kafin a gyara, duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta kori ma'aikata ta zuba magoya bayanta, har takai a 1881 wani mutum da yake ganin ya cancanci a bashi muƙami ba a bashi ba ya harbi shugaban ƙasa James Garfield, ya yi jinya ya mutu. Wannan ne ya ingiza aka yi dokar 1883 da ta kawo ɗaukar aiki ta hanyar jarrabawa, kuma da farko kusan kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan tarayya kawai ta shafa, a hankali aka faɗaɗa. Ingila ma tun 1854 wani rahoto na Northcote da Trevelyan ya bada shawarar a daina rabon aiki ta hanyar alfarma. A 1887 Woodrow Wilson, tun yana malamin makaranta kafin ya zama shugaban Amurka, ya rubuta maƙalarsa yana cewa a raba siyasa da gudanarwa, 'yan siyasa su yanke abunda za a yi ma'aikata su san yanda za a yi shi. Ko shi wannan rabon yana yiwuwa ɗari bisa ɗari wata magana ce, ni dai ban taɓa ganin babban ma'aikacin da shawararsa bata shiga cikin manufa ba, amma a ƙalla mutum ya san cewa tarin takardun nan da suke bamu haushi an kafa su ne don kar mai kujera ya mai da ofis gonarsa.

Ba wai ina wanke su tas bane. Robert Merton, wani masani Ba'amurke, ya nuna tun 1940 cewa ma'aikacin da aka horar akan bin doka yakan wayi gari dokar ta zame masa itace manufar, ya manta don me aka kafa ta, kuma na zauna da irinsu, mutanen kirki ne basa cin ko sisin kowa amma zasu iya mai da kai gida saboda ka cike fom da shuɗin biro maimakon baƙi. Haka binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago daga 1924 zuwa 1932, wanda sunan Elton Mayo ya fi fita a kansa, ya nuna ma'aikata suna da nasu tsarin na bayan fage da ba ya cikin zanen muƙamai, su suke yanke wa junansu iya aikin da za a yi a rana. Wannan gaskiya ne, a kowane ofis akwai wani tsohon masinja ko wata mai buga takardu da in basu so abu ba to ba zai motsa ba ko da darakta ya sa hannu.

Amma sukar da ta fi shiga jiki itace ta Herbert Simon, wani masani Ba'amurke, kuma ita nake so in ɗan daɗe a kai don ta bani dariya ranar da na fara karantawa. A 1937 Luther Gulick da Lyndall Urwick sun tattara wasu maƙaloli akan abunda suka kira kimiyyar gudanarwa, a nan ne Gulick ya ƙirƙiro kalmar nan POSDCORB da ɗalibai suke rerawa, wadda haruffan farko ne na sunayen Turanci na ayyuka bakwai na shugaba, tsara abunda za a yi, shirya ma'aikata sashe sashe, ɗaukar ma'aikata, bada umarni, haɗa kan ayyuka, bada rahoto, da kasafin kuɗi. Shi Gulick ɗin yana cikin mutum uku na kwamitin Brownlow da suka gaya wa shugaban Amurka Roosevelt a shekarar cewa shugaban ƙasa yana buƙatar taimako, hukumomi sama da 100 sun yi masa yawa a haɗe su cikin ma'aikatu 12 a bashi mataimaka 6, majalisa ta ƙi da farko sai a 1939 ta amince da wani ɓangare. Wato lokacin ƙa'idojin nan suna ganiyarsu kenan, ana ganin an gano sirrin mulki. Kwatsam a 1946 sai ga wannan saurayi Simon, yana ɗan shekara kusan 30, ya fito yace waɗannan abubuwan da kuke kira ƙa'idojin kimiyya karin magana ne kawai, kuma halin karin magana shine kowacce tana da kishiya.

Duk Bahaushe zai gane abunda yake nufi nan take. In kana so mutum ya yi a hankali kace masa sannu bata hana zuwa, in kana so ya yi sauri kace a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, duka biyun gaskiya ne kuma ba wadda zata gaya maka yau wacce ce tata. Simon yace haka ƙa'idojin suke. Misali ance kar shugaba ɗaya ya sa ido akan mutane da yawa, Urwick ma cewa yayi biyar ko shida in ayyukansu suna sarƙe da juna, kuma akwai wani Graicunas da yayi lissafi a 1933 ya nuna in kana da mutum 4 a ƙarƙashinka alaƙoƙin da zaka lura dasu tsakaninka dasu da kuma tsakanin junansu 44 ne, in suka zama 5 su koma 100, in 6 ne 222, in kuwa 12 ne sun haura 24,000. To an ji. Amma kuma ance a rage yawan matakala tsakanin sama da ƙasa don kar saƙo ya daɗe a hanya. To ai ba zaka samu biyun tare ba, in kowane shugaba mutum 5 zai riƙe, kafin ka kai ga ma'aikata 3,125 sai ka jera shugabanni hawa biyar, in kuwa 10 zai riƙe hawa huɗu sun ishe ka ma'aikata 10,000. Ka matse nan can ya kumbura. Haka maganar umarni daga baki ɗaya take karo da maganar ƙwarewa, akawun kuɗi da aka tura makaranta wa zai bi, shugaban makarantar ko babban akanta da yake can hedikwata? Haka hanyoyi huɗu da Gulick ya kawo na raba ma'aikata, ko ta manufa ko ta irin aikin ko ta mutanen da ake yiwa hidima ko ta yanki, Simon yace to in sun ci karo wacce za a ɗauka, littafinku bai faɗa ba. Mutumin nan daga baya har kyautar Nobel ya samu a 1978, kuma babbar maganarsa itace shugaba ba ya taɓa samun cikakken bayani ko isasshen lokaci, yana ɗaukar abunda zai wadatar ne ya wuce.

Na yarda da Simon, amma ban yarda da waɗanda suke fakewa dashi suna cewa to a zubar da komai ba. Shi ɗan boko ne yana neman abunda za a auna a gwada, a wajensa in ka kira abu karin magana ka rage masa daraja. Ni kuwa ban taso ina ganin karin magana a matsayin abun banza ba, wanda ya san guda ɗaya tak shine abun tsoro, don zai dinga maka ta a kowane zance. Kuma abunda na gani a ofis kenan, shugaban da ya san tsani bai san gada ba, ya san ɗa'a da biyayya bai san cewa a jerin nan dai akwai adalci da kyautatawa ga na ƙasa ba, akwai barin ma'aikaci ya kawo tunaninsa ya gwada, akwai barin mutum ya daɗe a kujera har ya iya aikin. Wannan na ƙarshen ma Fayol cewa yayi gara shugaba mai matsakaicin ƙoƙari da zai zauna akan haziƙai da suke zuwa suna wucewa, mu kuwa na sha ganin an canza wa mutum wajen aiki daidai lokacin da ya fara gane inda fayilolin suke. Har gargaɗi yayi akan yawan rubuce rubuce tsakanin mutanen da zasu iya magana baki da baki, da kuma shugaban da yake raba kan na ƙasa dashi don ya ji daɗin mulki. Duk suna cikin littafin da ake cewa shi ya kawo jan ƙafa.

Wani zai ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne duk wannan ya wuce. Kafin in bar aiki an kawo mana tsarin tura takardu ta kwamfuta, muka yi murna, ashe matakalar nan dai aka kwafe aka zuba a ciki, maimakon fayil ya kwana akan tebur sai ya kwana a akwatin saƙon oga, gara ma na takarda masinja yana iya ganinsa ya tuna masa. Kuma ba wanda aka rage, sai ma sabon sashe da aka buɗe na kula da kwamfutocin. Abun ya tuna min da Northcote Parkinson da ya yi wa ma'aikatar sojan ruwan Ingila dariya a 1955, ya nuna daga 1914 zuwa 1928 manyan jiragen yaƙinsu sun ragu daga 62 zuwa 20 amma jami'an hedikwata sun ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569.

Don haka roƙona biyu ne, kuma ta hannunka nake miƙawa tunda malamai da manyan ma'aikata suna karanta jaridar nan. Na farko ga shugabannin ma'aikatu, ba sai an kafa kwamiti ko an ɗauko masana daga waje ba, sakula ɗaya ta isa, a rubuta cewa ma'aikata masu matsayi ɗaya a sassa daban daban suna iya kashe ƙananan al'amura tsakaninsu su sanar da na gaba dasu a rubuce daga baya, a kuma fayyace wa kowane mai kujera abubuwan da sa hannunsa shine na ƙarshe a kansu, in ya yi daidai nasa in ya yi kuskure nasa. Na biyu ga malaman da suke koyar da yaran nan, dan Allah a rage tambayar kawo ƙa'idoji 14 na Fayol. A basu labarin dattijon can na kan benci, a zana musu ofisoshin biyu da bangon da yake tsakani, a ce ga takardar a durowarka ga shugabanka ya hana ka miƙawa, wace ƙa'ida zaka bi wacce zaka saɓa kuma me zaka rubuta a fayil ɗin. Na gwada wa 'yar ƙanen nawa wannan tambayar daren da zata koma, ta yi shiru ta kai minti goma tana juya biro, can tace Baffa to in na miƙa aka bani takardar tuhuma fa? Nace sai ki amsa, ki kawo shafin da Fayol yayi maganar gada ki liƙa a baya.

Na gode da filin da ka bani, a gaida ma'aikatan ɗakin labarai.

Naka,
Wani tsohon akawu mai ritaya